Ɗumin Birkin Kah Loon

Kampung Raja, 13 ga Yuni, 2002

Zuwa ga Kawu Tuck Meng,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, ciwon bayan nan kuma ya sake ka. Mama tana gaishe ka. Gwiwoyinta sai a hankali, ruwa kuma bai ɗauke mana ba tun farkon wata, har kabeji ya fara ruɓewa a gindi.

Kawu, ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Kah Loon ya rasu.

Ranar Lahadi biyu ga wata ya sauka daga dutsen nan namu zuwa filin tseren mota kamar yadda ya saba, ya dawo da yamma yana cewa kansa na sarawa. Ya shigar da motar rumfa, ya ja mata tamfol, ko hannu bai wanke ba ya kwanta. Talata maƙwabta suka taimaka muka kai shi asibiti a Ipoh. Alhamis ya cika. Zazzaɓin dengi ne. Shekara goma ƙanena yana tseren mota, kullum muna fargabar ranar da za a kawo mana shi a murƙushe, sai ga shi sauro ne ya ɗauke shi. In na tuna, haushi yakan riga kuka zuwa.

Mama ta ce in rubuto maka da kaina. Ta ce ko da yake kai ɗan kawunta ne ba cikinku ɗaya ba, kai ka fara ɗora masa sifana a hannu, don haka kai ne ubansa a wannan fannin.

Ga abin da ya kawo ni. Kwana arba'in da tara zai cika ranar ashirin da huɗu ga Yuli, ranar da za mu ƙona masa kayansa a haikalin Ipoh don su same shi can lahira. Tsoho Ngau, mai haɗa wa mamata kaya da gora da takarda, shi ke aikin. Ya gama gida da tufafi, saura mota. Na kai masa hotunanta, ya juya su ya sake juyawa, ya ce, "Wane takalmin birki zan sa mata?"

Na ce, "Baba, takarda ce fa. Wa zai leƙa?"

Ya ce, "Shi mana. Yaron nan ya taɓa gyara mini motar kaya, ya tsare ni awa guda yana yi mini wa'azin takalman birki, wai akwai na titi akwai na tsere. So kike in aika masa abin da zai karɓa ya yi tsaki? Je ki tambayo wanda ya sani."

To, ga ni na tambayo. Na ga kwalaye biyu a kan kantar rumfa, ɗaya kore ɗaya baƙi. Ban taɓa su ba, don har yanzu shiga wurin yana yi mini nauyi. Wanne za a kwaikwaya?

Sai wani abu, kuma kada ka yi mini dariya. Yau kwana uku ke nan, wajen bakwai saura na safe, in ina daure kwandunan latas, sai in ji ƙara daga rumfa, ƙiii, irin wadda birkinsa ke yi. Wataƙila ɓeraye ne. Mama dai ta ji, ta ajiye cokalinta ba ta ƙarasa kununta ba.

'Yarka,
Siew Kuan

Sansanin katako, Tsibiran Solomon, 25 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Siew Kuan,

Ina gaishe ki, ki gaishe mini da Yaya mamarki, ki ce ta daure ta riƙa cin abinci. Bayana yana nan yadda kika san shi, ba shi ne a gabana ba yanzu.

Wasiƙarki ta zo jiya a jirgin da ke kawo mana shinkafa da man dizal. Kin ce in zauna, ban zauna ba. Sai ganina na yi a kan tayar katafila, ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni ba. Yaron da na ɗora a kan akwati don ya kai ga injin! Ba ni da abin faɗa, Kuan. Na yi kuka a gaban mutane, ban kuma ji kunya ba.

Ki gaya wa Ngau tsohon banza ne, amma tambayarsa tana kan hanya. Bari in yi miki bayani yadda na yi wa ɗan'uwanki.

Na kwalin kore su ne na titi. Suna kamawa tun takun farko, ko da sanyi ko da ruwa, kuma ba su da surutu. Aibinsu, in ka kai su fili kana dannawa a guje, zagaye huɗu biyar sun yi zafi sun saki, ka taka ka ji ba kowa a gida. Na kwalin baƙi su ne na tsere, su kuma sai sun gasu suke aiki. Da zafinsu za su tsayar da kai har idanunka su nemi fitowa. A sanyaye kuwa, kamar ka matse faifan birkin da guntayen katako biyu ne. Ga ƙara, ga baƙar ƙura, mota kuma tana tafiyarta. Kowanne da inda aka yi shi dominsa. Masu jin kai ne ke yawo cikin gari da na tsere don a ji ƙararsu a ce su gwanaye ne.

A motar takarda a sa masa na kore. Wa ya san hanyoyin can? Ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce ya ga filin tsere ba. In ya isa, marigayiya kakarku za ta kama shi ya riƙa kai ta kasuwa kullum da safe, kin san halinta, kuma ba za ta lamunci ƙara ba.

Ki daure ki shiga rumfar, ki buɗe kwalayen nan biyu, ki faɗa mini abin da ke cikin kowanne. Motar gasken kuma kada ki taɓa ta, kada ki ba kowa makullinta. Yadda take, ba motar da za ki iya da ita ba ce. Ki bar ta har in zo hutun sabuwar shekara, ni na san abin da zan yi da ita.

Batun ƙara, kwanon rufi ne yake miƙewa in rana ta fara taɓa shi. Shekara talatin ina kwana kusa da injuna, ban taɓa ganin ƙarfe ya yi kuka don kansa ba. Amma in ajiye masa kofin shayi zai kwantar wa Yaya hankali, ku ajiye.

Kawunki,
Tuck Meng

Kampung Raja, 7 ga Yuli

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Mama ta ɗan murmure, ruwa ya yi sauƙi, mun samu mun kwashe kabejin da ya tsira.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Bayanin birki na gode, na kai wa Tsoho Ngau, ya ce tsohon banza yana gaida tsohon banza. Amma layin nan na ƙarshe ya tsaya mini a wuya. "Ba motar da za ki iya da ita ba ce." "Ni na san abin da zan yi da ita." Kawu, ko kwana arba'in bai yi a ƙasa ba, har ka yi wa motarsa wuri? In sonta kake, ka fito fili ka ce kana so. Kuma wa ya gaya maka ban iya mota ba? Shekara shida ni ke jan tsohuwar motar kayanmu kafin injinta ya buga, a wannan gangaren namu, da kwanar nan ta farko mai kwazazzabo a gefe, da lodi har sama. Kana can cikin daji kana tunanin har yanzu ni ce mai kitso biyu da majina.

To ka sani, ranar ashirin da huɗu ni zan ja ta in kai Mama Ipoh. Ni ina iya ɗarewa motar kayan lambun maƙwabta, Mama ba ta iyawa, gwiwarta ba ta ɗaguwa. Ba kuma zan bar ta a gida ranar sallamar ɗanta ba.

Kwalaye na buɗe. Na koren cike yake, guda huɗu, sun ɗan ci kaɗan. Na baƙin ba komai ciki sai takardar naɗi. Ka ga ke nan ya cinye na tseren a fili ya zubar, magana ta ƙare. Na koren na kai wa Ngau don ya kwaikwaya da kyau, suna wurinsa.

Yanzu batun kwanon rufinka. Ban san ko kwano ya iya lissafi ba. Kullum ja uku ne, masu tsawo, da ɗan shiru a tsakani. Ƙiii, shiru, ƙiii, shiru, ƙiii. Ko da rana ko da hazo, lokacin bai taɓa kuskurewa ba.

Shekaranjiya na ajiye kwando na tafi da gudu tun kafin ta ukun ta mutu. Tamfol yana nan yadda ya ja shi, har da kashin tsuntsu a kai. Ba sawun taya a ƙasa. Sai wari, irin na ƙarfen da aka goga. Na ɗaga gefen tamfol na ga baƙar ƙura sabuwa a kan tayar gaba, na zura yatsa ta tsakanin ƙarafan na taɓa faifan. Kawu, da yatsan nan nake rubuto maka, ya tashi ya yi ruwa. Murfin injin kuma sanyi ƙalau, har da raɓa.

Na fito na tarar da Mama a bakin ƙofa da kofin shayi. Na ce, "Mama, koma ciki."

Ta ce, "Me kike tsoro? Ƙanenki ne. Motarsa yake so, ya gaji da jira."

Na ce, "To ya yi haƙuri mana, saura kwana nawa?"

Ta ce, "Yaushe ya taɓa haƙuri?" Ta wuce ni ta ajiye shayin a kan murfin injin.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro. Ina son ɗan'uwana, amma na ƙosa ranar ta zo a ƙona masa tasa ya bar mana wannan.

Siew Kuan

Sansanin katako, 18 ga Yuli

Kuan,

Ina fata kuna lafiya ke da Yaya. Ni lafiyata ƙalau. Ki zage ni daga baya, yanzu ki karanta a hankali.

Kada ki ja motar nan. Ba na son ta, in kin ga dama ki ba wa mai gwangwan. Laifina ne da na yi miki magana a dunƙule, na ɗauka ba mai tuƙa ta, ban ga dalilin tayar miki da hankali ba.

Kah Loon bai zubar da komai ba. Saiti biyu gare shi, kuma kullum ɗaya yana mota ɗaya yana kwali. Ranar Asabar yakan cire na titi ya sa na tsere, in ya dawo ya mayar ranar Litinin. Ni na koya masa. Kin ce ya dawo ranar Lahadi ya kwanta bai sake tashi ba. In na kore suna kwali, to na baƙi suna jikin motar yanzu haka. Daga ƙofarku zuwa kwanar farko taku nawa ne? Da sanyin safiyar dutse, da kwalta a jiƙe, za ki taka ki ji kamar kin taka, motar kuma ba za ta saurare ki ba sai kin wuce inda ya kamata ki juya. Iya tuƙi ba ya maganin wannan. Ni ma ba zan iya ba.

Ki je wurin Ngau ki karɓo kwalin kore. Ki samo makanike ya hau har gona ya canza su a cikin rumfa, kada ya ce zai sauko da ita garejinsa. Aikin rabin awa ne.

Saura abin da ban san yadda zan faɗa ba. Da yana ɗan shekara sha tara, ranar da ya fara sauka da na tsere, na tsayar da shi a shimfiɗaɗɗen wurin nan tsakanin rumfa da ƙofa. Na ce ƙafar dama a totur, ta hagu a birki, ka ja su tare har su yi ɗumi. Ya ce sau nawa? Na ce uku, masu tsawo, ka huta a tsakani, sannan ka fuskanci gangara. Daga ni sai shi a wurin.

Na ce miki ƙarfe ba ya kuka don kansa, har yanzu ban canza ba. Amma ban yarda motarsa yake nema ba. Yaron nan ya tafi ya bar aiki a buɗe, ya kuma san wa zai ɗauki makullin. Don Allah, ko me Yaya za ta ce, kada ku ƙona motar takarda, kada ku sallame shi, sai an canza takalman nan.

Rediyon sansani da muke aika saƙo da shi ya mutu tun ruwan makon jiya, na kwance shi sau biyu bai tashi ba. Jirgi kuma an ce igiyar ruwa ta hana shi fita, yana tsaye a gaɓa. Zan kai wannan hannun matuƙin da kaina in zauna a kansa.

Kawunki

Kampung Raja, 29 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Tuck Meng,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina fata kana lafiya. Mu lafiya lau, rabon da in faɗi haka da gaskiya tun watan jiya. Mama tana cin abinci har da ƙari, ni ma na fara barci.

Shirun da ka yi ya nuna mini ka ji haushin wasiƙata, kuma kana da gaskiya. Bakina ya fi hankalina sauri, ka san ni. Mama da ta ji abin da na rubuta ta ce, "Tuck da ko keke bai taɓa roƙa ba, shi zai ci gadon ɗana? Ba ki da kunya." Ka yafe mini, Kawu.

An yi komai ranar Laraba, kuma ya yi kyau. Da safen ƙarar ba ta tsaya a uku ba. Ta yi ta yi, na ƙirga har tara na daina, warin ya iso har kicin. Gabana yana faɗuwa na yaye tamfol, na tayar da ita, bugu ɗaya ta tashi. Na buɗe wa Mama gaba ta ƙi, ta ce, "Bar masa wurinsa," ta lallaɓa ta shiga baya.

Hazo ya rufe gangaren, kwalta kuma sai sheƙi. Ga abin da nake so ka ji, kai mai cewa ba zan iya ba. A kwanar farko ɗan taɓawa kawai na yi, motar ta dafe ƙasa har jakar Mama ta faɗo. Ban taɓa jin birki mai kamawa haka ba. Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa ba sai kai. Kafin ƙafata ta kai, na ji birkin ya riga ni nutsewa kaɗan. Ban kalli kujerar gefe ba har muka sauka.

Motar Tsoho Ngau sai ka gani. Ja wur, har da lambar tseren a ƙofa, da ɗan kwarzanen nan na baya. Mutane suka taru suna kallo. Ana shirin kunna wuta sai Ngau ya miƙo mini kwalin kore, Mama ta riƙe hannunsa ta ce, "Ba su ne Tuck ya ce a ba shi ba?"

Ngau ya ce, "Na yi masa irinsu na takarda, suna jiki."

Ta ce, "Ɗana ba ya son jabu. Sa masa na gasken a ciki."

Ya ce, "Uwa, ƙarfe ne fa, ba ya ci."

Ta ce, "Abin da ya ci ya isa gare shi."

Haka aka sa su a kujerar direba aka kunna. Wutar ta tashi tsaye, ba ta karkata ko'ina ba, mai haikalin ya ce alamar an karɓa ce. Nan ne na yi kukan da na kasa yi ranar jana'iza.

Da za mu dawo, a fitilar ba da hannu ta farko a cikin gari birkin ya yi mini wani iri, na taka na ji kamar ba ya so, saura ƙiris in taɓa bayan wata bas. Daga baya ya dawo daidai. Gajiya ce da kumburin ido, ina jin.

Babban labarin shi ne ya tafi, Kawu. Kwana biyar ke nan ba ƙara. Kullum sai in tsaya da kwando a hannu ina jira, bakwai ta buga, ba abin da nake ji sai kaji. Yau da safe na shiga rumfa na ɗora tafin hannuna gaba ɗaya a kan faifan, na daɗe. Sanyi ƙalau, har tsatsa ta fara yi masa ja-ja. Na ji daɗi, na kuma ji kewa, duka a lokaci guda. Mama ta ɗauke kofin shayin ta wanke.

Tun ranar ban sake fita da motar ba, aikin gona ya sha kaina. Amma ranar Alhamis likitan gwiwa zai ga Mama ƙarfe tara, don haka da sassafe za mu fita, tun hazo bai tashi ba. Ta ce wannan karon gaba za ta zauna.

Af, har na ninke takardar nan sai ga direban motar kayan lambu da saƙo daga Muniandy, mai shagon gindin gangare inda ake ajiye mana wasiƙu. Wai taka ta iso, mai kauri, an rubuta "gaggawa" a bayanta har sau uku. Na san faɗa ne a ciki, kuma na cancanta. Wannan zan ba direban ya jefa mini. Taka kuwa ba na son kowa ya riƙe ta sai ni, zan tsaya in karɓa ranar Alhamis in mun sauko.

'Yarka mai ƙaunarka,
Siew Kuan